Gaban Wa, Hagun Wa? Lasifika Shida a Wani Shago a Tawa

Kwalin ya iso tashar motar Tawa a tsakiyar bazara, lokacin da ko inuwa ba ta da sanyi. Daga Abijan ya taso, an ɗaure shi da tsohuwar robar taya, an rubuta sunan mai shi a gefe uku. Wansa ne ya aiko, ɗaya daga cikin ɗimbin Adarawan da suka tafi biɗa bakin teku suna ciyar da gida daga nesa. A ciki akwai kwamfutar tebur ta hannu, da ƙananan lasifikoki biyar, da wata babba mai nauyi kamar dutsen niƙa. Saƙon muryar da ya biyo bayan kayan gajere ne: a buɗe shagon wasa, a bar zaman fada. In shago ya tsaya da ƙafarsa kafin damina ta fita, madalla. In bai tsaya ba, a haɗa kaya a taho Abijan a kama masa tsaron tebur.

Saurayin ba ya son tafiya. Shekarunsa ashirin da ƴan kai, karatunsa ya tsaya a aji na huɗu na kwaleji, yana karanta Faransanci daidai gwargwado, kuma in ya tafi babu wani babban namiji da zai rage wa mahaifiyarsu a gida. Ya kama ɗaki a Bilbis, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da garin ya tsiro daga cikinsu, ginin ƙasa mai rufin kwano, ƙofarsa tana kallon yamma. Ya jingina tebur da talabijin a bangon gabas, ya sa kujera ɗaya a tsakiya, benci biyu a jikin bangon hagu da na dama domin masu jiran layi. Shagunan wasa ba baƙi ba ne a garin, sai dai galibinsu PlayStation ce da ƙwallon ƙafa. Abin da ya ƙudurta zai bambanta nasa shi ne sauti: yaro ya zauna, ya ji sawu da harbi da ƙarar mota suna zo masa ta kowace kusurwa, yadda kiɗa da kirari suke rufe mutum a filin kokowa.

Masu sana'ar suna kiran wannan tsari 5.1. Biyar ɗin su ne hanyoyin sauti masu nuna wuri: biyu a gaba, hagu da dama, ɗaya a tsakaninsu, biyu a baya. Ɗigo ɗayan kuma hanyar gurnani ce, wato sautin ƙasa-ƙasa wanda bai wuce hertz 120 ba, irin na tsawa da fashewar bam. A 1992 Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar da ƙa'idar jera su: ta tsakiya ta fuskanci mai sauraro kai tsaye, na gaba su karkata digiri 30 kowane gefe, na baya su zauna tsakanin digiri 100 da 120. Dukan waɗannan kusurwoyi daga wuri guda ake auna su, daga kan mutum ɗaya da ke zaune yana kallon allo. Ba a ambaci wannan mutumin a jikin kwali ba, alhali a kansa aka gina tsarin gaba ɗaya, kuma a kansa saurayin ya yi tuntuɓe.

Kafin tuntuɓen akwai ƙananan shingaye, waɗanda duk mai wannan aiki yakan ci karo da su. Na farko yana bayan kwamfutar. Katin sautinta ba mai zaman kansa ba ne, a jikin babban allon injin yake, kuma kafa uku kawai gare shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara daidaita launukan waɗannan kafofi: kore na lasifikokin gaba, shuɗi na shigo da sauti daga waje, ruwan hoda na makirfo. Injin da aka ƙera domin sautin kewaye yakan ƙara baƙi na baya, da ruwan goro na tsakiya da gurnani, wani lokaci har da ruwan toka na gefe. Lasifikokin da wansa ya aiko wayoyi uku suke da su, kore da baƙi da ruwan goro. Kore ta samu gidanta, sauran biyun suka rasa inda za su shiga. Kwana biyu ya yi yana zaton an sayar wa wansa da kayan da ba su dace da juna ba.

Mafitar tana cikin manhajar da ke tuƙa katin, wadda ake ce wa direba. Tun da kamfanin Intel ya fito da tsarin HD Audio a 2004, kafar sauti ba ta da aikin dindindin, ana iya sauya mata aiki daga allo. Ya sauko da direban Realtek da sauran kuɗin da ke cikin wayarsa, ya soka baƙar waya a shuɗiyar kafa ya gaya wa injin cewa ta lasifikokin baya ce, ya soka mai ruwan goro a kafar makirfo ya ce ta tsakiya da gurnani ce. Sai ya tarar da shinge na biyu: tun da ya haɗa talabijin da wayar HDMI, Windows ta mayar da talabijin ɗin mafitar sauti ta farko, ita kuwa hanya biyu kawai take da su. Ya mayar da fifiko kan lasifikokin, ya danna inda aka rubuta "Configurer", ya zaɓi 5.1, ya danna "Tester". Ƙararrawa ta zagaya ɗakin, kowace lasifika ta amsa sau ɗaya. Ƙanensa, ɗan shekara goma sha biyu, ya yi tsalle har ya kusa ture randa.

Murnar ba ta yi nisa ba. Da ya buɗe wasan farko, dukan lasifikokin suka ɗauki ƙara lokaci guda, abin da ke fitowa gaba shi ke fitowa baya. Ɗaki ya cika da sauti, amma babu wanda zai ce ga inda abu yake. Dalilai biyu ne suka haɗu. Akwai wani zaɓi a cikin direban da ke kwafar sautin hanya biyu ya watsa shi ga duka shida, domin masu sauraron waƙa, kuma a kunne yake. Shi kansa wasan yana da nasa saiti, wanda aka bari a kan lasifika biyu. Ya kashe na farko, ya gyara na biyu. Wani tsohon wasa da yake ƙauna ya ƙi ba da haɗin kai ko ta yaya, domin an gina sautinsa a kan wata hanya da Windows ta daina goya wa baya tun fitowar Vista a 2007. Ya haƙura da shi. Daga nan kuma muryar sojan da ke ba da umarni ta riƙa fitowa daga babbar lasifikar tana gunguni, ana jin hawa da saukar murya, ba a jin ko baƙi ɗaya. Ɗalibin ilimin furuci zai gane abin da ya faru: ƙarfin sautuka irin su s da sh yana can sama a dubban hertz, lasifikar gurnani kuwa ba ta kai ko kusa da nan. Hanyar tsakiya da ta gurnani ne suka yi musanya a cikin waya ɗaya, kuma akwai akwatin da ake dannawa a mayar da kowace wurinta.

A ranar da za a kafe kayan a mazauninsu aka yi wani ƙaramin saɓani wanda ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Saurayin yana tsaye a bakin ƙofa ya ce wa ƙanensa ya ajiye babbar lasifikar gaba da randa. Nufinsa tsakanin randar da shi, inda hannu zai kai ga maɓallin ƙara. Yaron ya ɗauka ya kai ta can ƙetaren randar, wajen bango. Wan ya ce ba haka ya faɗa ba, ƙanen ya rantse haka ya faɗa. Dukansu gaskiya suke faɗi. Clifford Hill, malami a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, ya yi nazarin wannan tun shekarun 1970, ya kuma tattara sakamakon a wata maƙala ta 1982 inda ya kwatanta Hausa da Ingilishi. Abin da ya gano shi ne, in abu ba shi da fuskar kansa, kamar randa ko dutse, mai jin Ingilishi yakan ɗauka abin yana fuskantarsa, saboda haka gabansa shi ne ɓangaren da ke kusa. Bahaushe kuwa yakan ɗauka abin ya bi sahunsa, suna kallon wuri guda, saboda haka gabansa shi ne ɓangaren da ke nesa, sai fa in abin da ake nuni gare shi ya ɓuya, sannan a ce yana baya. Faransanci a nan ɗan'uwan Ingilishi ne. Wan ya yi magana da kalmomin Hausa a kan lissafin makaranta, ƙanen ya ji da kunnen gida.

Wannan saɓani bai ci musu komai ba, domin kunnen ɗan'adam ba ya iya nuna inda gurnani ya fito, duk inda aka ajiye babbar lasifikar kusan ɗaya ne. Wanda ya ci musu ya zo bayan minti kaɗan, kuma babu wanda ya yi gardama a kansa. Saurayin ya ɗauki lasifikokin baya guda biyu, ɗaya an liƙa mata "arrière gauche", ɗaya "arrière droite". Ya juya ya fuskanci bangon yamma, ya hau benci, ya kafa ƙusa. Mai alamar hagu ya rataye ta a hagunsa, mai alamar dama a damansa. Domin ya tabbatar, ya sa ƙanensa ya danna gwaji, shi kuma yana nan tsaye yana kallon aikin hannunsa. Yaron ya kira ta hagu, ƙararrawa ta fito a hagu. Ya kira ta dama, ta fito a dama. Ya sauko yana kaɗe hannu.

An buɗe shago ranar Lahadi, ranar kasuwar gari, dala ashirin kwata ɗaya na awa. Makon farko benci biyun ba su huta ba. A mako na biyu aka fara ƙorafi. A wasannin harbi irin su Counter-Strike, inda ɗan wasa yake gani da idon sojansa, rabin gwaninta a kunne take: ka ji sawu a bayanka, ka juya kafin a harbe ka. A wannan kujera kuwa yaro zai ji sawu ta bayan kafaɗar dama, ya juya dama da sauri, harsashi ya same shi daga hagu. Abin da ke gaba babu matsala, ido yana gani, kunne yana gaskatawa. Abin da ke baya ne kullum yake cin amana. Yara ba su ce waya ta harɗe ba, cewa suka yi kujerar maƙaryaciya ce, wasu suka ce da iska a ɗakin. Gwanayen cikinsu, waɗanda saura ke bi, suka koma ƙwallon ƙafa a wasu shagunan. A mako na uku akwai yinin da abin da ya shigo bai biya kuɗin wuta ba.

Ya yi duk abin da ya sani. Ya hure ƙura daga kafofin, domin ƙurar Adar takan sa injin ya ɗauka an zare waya alhali tana nan. Ya goge direban ya sake sa shi. Ya maimaita gwajin ƙararrawa sau da yawa, kuma kowane lokaci yakan tashi ya juya ya dubi lasifikar da ake kira, kamar yadda mutum yake duban wanda yake magana da shi. Kowane lokaci gwajin ya ce masa lafiya lau. Da dare yakan saurari saƙon wansa ya kasa amsawa.

A cikin wannan hali kawunsu ya zo daga wani ƙauye a ƙasar Barmu, arewa da Tawa, domin a cire masa yanar ido. Manomi ne mai ƴan awaki, ya haura saba'in. Bayan aikin aka rufe ido ɗaya da bandeji, ɗayan kuma dama hazo yake gani. Gidan ya yi masa zafi da rana, shagon kuwa yana da fanka, saboda haka aka shimfiɗa masa tabarma kusa da kujerar, yana jan carbi, bai damu da abin da ke allo ba. A yini na biyu wani yaro yana wasa, babur ya wuce a cikin wasan. Tsohon ya tsayar da carbi, ya ɗan karkata kai.

"Kai, ɗana, wanga babur na aljannu na?"

"Wane babur, Kawu?"

"Wanda yaw wuce yanzu. Ya taso gabas, ya biyo arewa da mu, shina tahiya yamma. Sai kawai ga shi gusum. Babur ba shi tsallake ɗaki."

"Kawu, ta hauni yab bi, ya koma baya."

"Haunin wa? Kai kana kallo nan, yaro shina kallo can. Ni arewa nis sani, ita ba ta motsi."

Saurayin ya yi shiru. Da lokacin yaron ya cika, ya zauna a kujerar da kansa, ya fuskanci gabas, ya ce wa ƙanensa ya danna "arrière gauche", ya kuma hana wuyansa juyawa. Ƙararrawar ta fito ta bayan kafaɗarsa ta dama. Gyaran bai kai minti ɗaya ba: wayoyi biyu ne a bayan babbar lasifikar, ya zare su ya musanya.

A nan ne labarin ya shiga gonar masu nazarin harshe. Stephen Levinson, a littafinsa na 2003 kan wuri a harshe da tunani, ya raba hanyoyin da harsuna ke nuna inda abu yake gida uku, gwargwadon abin da aka dogara da shi. Akwai dogaro da fuskar abin kansa, kamar a ce gaban gida ko bayan mota. Akwai dogaro da jikin mai kallo, kamar a ce hagu da itace. Akwai kuma dogaro da duniya, kamar a ce arewa da rijiya. Wasu harsuna, irin su Guugu Yimithirr na Ostareliya, kusan da na ukun kaɗai suke aiki, har a kan abin da ke cikin ɗaki. Hausa tana da duka ukun. Kalmominta na wuri da yawa daga jiki aka ɗebo su, gaba da baya da kai da ciki da gindi da baki, kuma hagu da dama sunayen hannuwa ne. Amma a ƙauyukan Adar, in ana maganar iyakar gona, ko inda akuya ta ɓace, ko hanyar da baƙo zai bi, gabas da yamma da arewa da gusum ne suke yin aikin. Hadari daga gabas yake tasowa. Mai salla a Tawa gabas yake fuskanta da ɗan karkata arewa, sau biyar a yini, har ana cewa a fuskanci gabas ana nufin alƙibla. Wanda ya tashi a haka ba ya rasa gabas ko da idonsa a ɗaure.

Na'urar kuwa hanya ɗaya kawai ta sani, ta biyun. Hagunta hagun mai zaune ne, bayanta bayansa ne, amma takardar da aka liƙa a jikin lasifika ba ta faɗi haka ba. Ta ce hagu, ta yi shiru. Raunin wannan hanya shi ne tana juyawa tare da mai ita. Da saurayin ya juya domin ya kafa ƙusa, hagunsa ya juya tare da shi, kuma da ya tashi gwaji ya sake juyawa, kuskuren ya tabbatar da kansa. Kuskure biyu masu kama ɗaya sun haɗu sun ba da amsar da ta yi kama da daidai. Kawun ya tsira daga tarkon ne domin ma'auninsa ba ya jikinsa. Lasifikar da ya kamata ta zauna arewa maso yamma tana gusum maso yamma, kuma wannan magana ɗaya ce ko mai faɗinta yana tsaye a kan benci ko yana kwance a tabarma.

Akwai kuma abin da ya shafi kunne. Tun 1907 masanin kimiyya Lord Rayleigh na Ingila ya bayyana cewa da alamu biyu mutum yake gane gefen da sauti ya fito: sautin yakan riga isa kunne ɗaya da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kuma kai yakan tare wa kunnen nesa wani ɓangare na ƙarfinsa. Waɗannan alamu suna raba hagu da dama sosai, amma suna da rauni wajen raba gaba da baya, sai lanƙwasar fatar kunne da ɗan motsin kai sun taimaka. Karkata kan da tsohon ya yi ke nan. Yaran ma kunnensu bai yi ƙarya ba, daidai suka ji inda lasifikar take, suka bi ta. Bambancin shi ne su suna jin sauti ɗaya-ɗaya, idonsu na kan allo, shi kuwa hanyar sautin yake bi daga farkonta zuwa ƙarshenta, yana tambayar ko abu mai taya zai iya bin ta. Wannan ɗabi'a ba a shagon wasa ya koye ta ba. Makiyayi da kukan dabba yake neman ta a duhu. A ƴan shekarun nan kuma, musamman tun harin da aka kai ƙauyukan yankin Tillia a watan Maris na 2021, ƙarar babur da dare a arewacin jihar ta zama abin da ake tashi zaune a saurara, a san daga ina ta taso da inda ta nufa. Abin da yara ke biyan dala ashirin su yi wasa da shi, shi da shi yake kwana.

Da yamma, bayan an gyara, saurayin ya yi gwajin da ya kamata ya yi tun farko. Ya tsayar da sojan wasan kusa da wani injin wuta mai ƙara ba yankewa, ya riƙa juya shi a hankali wajen dama. Ƙarar ta bar gaba ta koma hagu, ta zagaya baya, ta fito dama, ta dawo gaba, ba tsalle ba giɓi. Tsohon yana bi da yatsa.

"Gabas, arewa, yamma, gusum. Yanzu ya yi daidai." Ya ɗan yi shiru. "Amma wane irin gari na wanga, da inji ka kewaya mutum, mutum shina zaune?"

Tambayar ta fi ƙarfin raha. A cikin wasan ɗan wasa ba ya juyawa, duniya ce ake juya masa. Kujera tana kallon gabas har abada, rijiya da dutse da gida su ne suke yawo a kewayenta. Dogaro da jikin mai kallo ne aka kai shi maƙura, har ya zama babu wani abu tsayayye sai shi. Ga mutumin da ya yi shekara saba'in yana auna kansa da abubuwan da ba sa motsi, wannan gari ne da aka kifa.

Washegari saurayin ya sayo alli. Ya sauko da lasifikokin baya daga kusurwoyin bangon yamma, ya dawo da su bangon arewa da na gusum, kaɗan bayan kafaɗar mai zaune, kusa da digiri 110 ɗin da ƙa'ida ta nema. Ya rage ƙarfin gurnani domin kwanon rufi ya daina karkarwa. Sannan ya rubuta a ƙarƙashin kowace lasifika, da a kan kowace waya, sunan kusurwarta da Hausa: arewa ta gabas, gusum ta gabas, gabas tsaka, arewa ta yamma, gusum ta yamma. Daga ranar, ko an kwance kayan domin shara, ƙanensa yana mayar da su ba tare da tambaya ba.

Wani abu ya biyo baya wanda bai shirya ba. Masu jiran layi suna zaune ne a benci biyu masu fuskantar juna, saboda haka hagun waɗanda ke bangon arewa daban, na waɗanda ke bangon gusum daban, na ɗan wasan kuma daban. A da in suka yi ihu suna taya shi, ruɗa shi suke yi. Yanzu da rubutu a bango sai suka koma kiran abin da ke rubuce. Mai wucewa ta ƙofar shagon yakan ji yara goma sun haɗa baki suna cewa "Gusum! Gusum!", kalmar da wasu daga cikinsu suke ɗauka ta mutanen ƙauye ce, su kudu suka iya a rediyo.

Ga ɗaliban da ke sha'awar fassara manhajoji zuwa Hausa, akwai abin lura a nan. Wanda ya mayar da "arrière gauche" zuwa "hagun baya" ya fassara kalmomi, ya bar ramin da saurayin ya faɗa a buɗe. Harshen asalin ya ɓoye mai hagun ne domin masu shi sun saba da zane da taswira da kujerar silima, sun san wanda ake nufi. Fassarar da za ta yi aiki a Bilbis sai ta fito da shi fili: bayan mai zaune, ta hagunsa. Ga masu neman batun kundi kuma, gwajin Hill ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Randa ɗaya da ludayi ɗaya sun isa a tambayi ƴan kwaleji a Tawa da manoma a Barmu ko Kalfu ko Bambay, a ga inda kowa yake sa gaba. Bernard Caron ya bayyana nahawun Hausar Adar a littafinsa na 1991, kuma wanda zai ɗora a kai ta fuskar wuri da alƙibla zai tarar da masu ba da bayani har a shagon wasa.

Yaran ba su dawo rana ɗaya ba. Sai da ɗaya daga cikin gwanayen ya zo ya gwada, ya ji sawu, ya juya, ya riga abokin gaba, sannan labari ya bazu cewa an yi wa kujerar magani. Kafin a yanke gero shagon yana biyan haya da wuta, yana kuma rage abin cefane. Wan ya aiko saƙo cewa a ƙara shekara ɗaya a gani.

Kawun bai jira wannan ba. Da aka cire masa bandeji ya leƙo shagon sau ɗaya, ya dubi talabijin ɗin da sabon idonsa, ya dubi ƙananan akwatunan da ke rataye, ya ce ashe ƴan mitsi-mitsi ne. Ranar Lahadi ya hau motar kasuwa ya koma arewa, domin hadari ya fara haɗuwa kuma bai gama gyaran gona ba. Allin yana nan a bango. Kafaɗun yara suna goge shi, duk ranar Juma'a ƙanen yana sake rubutawa.